Tsuntsayen da suka yi sheƙa a barandar Hajiya: tsattsewa ce, ba jemage ba

Hajiya barka da yini, ya gida ya jikoki. Na karanta saƙonki har sau biyu. Kin ce wasu ƙananan tsuntsaye baƙaƙe sun cika ƙarƙashin barandar benenki a unguwar Mamobi nan Accra da sheƙa, kullum gab da magariba sai su yi ta kewaya gidan suna ƙara, kashinsu ya ɓata bango, ga mai fenti ya ce sai an kakkaɓe su kafin ya fara aikin Sallah. Kuma jikanki ya tsinci ɗaya a ƙasa ta kasa tashi, kun saka ta a kwali kuna ganin kamar ƙafarta ce ta karye. Wasu 'yan haya sun ce dangin jemage ne, wani kuma ya ce ai su ne ababil. Toh ni ilimin dabbobi na karanta a jami'ar Ghana da ke Legon, kuma na daɗe ina bin tsuntsayen cikin gari, wannan ma tun ina yaro a Nima nake kallonta, dan haka bari in yi miki bayani a tsanake.

Zan fara da ta cikin kwalin dan ita ce bata iya jira. Dan Allah kar a bata koko, kar a bata burodi ko shinkafa ko madara. Wannan tsuntsuwa tunda aka ƙyanƙyashe ta bata taɓa cin hatsi ba, ƙwari kawai take ci, cikinta bazai iya narkar da abincinmu ba, kuma sau da yawa tausayin da ake mata da koko shi ke kashe ta dan yana shiga hanyar numfashi ta shaƙe. Ruwa kaɗai za'a bata, shima ɗigo ɗaya a ɗan yatsa a shafa a gefen bakinta ta haɗiye da kanta, ba'a buɗe bakin a zuba. A huda kwalin, a shimfiɗa tsohon tawul a ciki, a ajiye inda babu hayaniya kuma kyanwa bazata kai ba.

Ƙafarta kuma kusan na tabbata lafiya lau take. Haka Allah ya halicce ta. Ki sa yaron ya juyo ta a hankali ki duba, zaki ga ƙafafun gajeru ne ƙwarai kamar an manna su a ciki, gashi ya rufe su, yatsu huɗu ne da farata masu kaifi kamar ƙugiya. In ya kawo ta kusa da rigarsa nan take zata maƙale ta fara hawa sama. Ƙafar rataya ce a jikin bango ko dutse, ba ta tafiya bace ba kuma ta zama kan reshe ba. Shi yasa masana suka sa wa danginta suna Apus, kalmar Girkanci ce mai nufin marar ƙafa, cikakken sunanta Apus affinis, wani Baturen Ingila John Edward Gray ne ya rubuta bayaninta a 1830 daga wadda aka samo a Indiya. Turawa na ce mata little swift, mu kuma tsattsewa.

Sai ki duba fukafukanta in ta naɗe su. In sun zarce bindin sosai sun gitta juna a baya, kuma babu wani farin kube a gindin gashin, toh babba ce ko matashiyar da ta isa tashi, ƙila ta bugi waya ko gilashi ne ko ruwan sama ya jiƙa ta. Irin wannan a barta ta huta, da safe in gari ya yi haske babu hadari a kai ta fili mai ciyawa ko yashi, a ɗora ta kan tafin hannu a buɗe a ɗaga sama daidai kai a tsaya. Zaki ji jikinta yana rawa, tana ɗumama tsokar ƙirji ne, sai kawai ta saki kanta ta tafi. Kar a wurga ta sama, kar a jefo ta daga bene. Na taɓa ganin wani bawan Allah ya yi haka da kyakkyawar niyya, tsuntsuwar bata da ƙarfi ta faɗo kan siminti, abin ya daɗe yana damuna. In bata tafi ba bayan 'yan mintuna a mayar da ita kwali. In kuwa fukafukan gajeru ne toh jaririya ce da ta faɗo, abinda yafi shine a sa tsani a mayar da ita sheƙar da ke daidai saman inda aka tsince ta, kuma maganar da ake cewa uwa tana ƙin ɗan da mutum ya taɓa ba gaskiya bace. In hakan bai yiwu ba a tuntuɓi mutanen Ghana Wildlife Society a nan Accra a nemi shawararsu.

Toh yanzu ita kanta tsuntsuwar. Tsawonta kamar santimita 13 ne, in ta buɗe fukafukai kuma wajen 33, wato ta ɗan fi rular 'yan makaranta. Nauyinta kusan giram 25, kinga kenan sai an tara guda ashirin kafin su kai nauyin ledar fiya wata ɗaya. Baƙa ce wuluk sai wani farin faci mai faɗi a bayanta wajen tushen bindi wanda ya zagayo har gefen ciki, da ɗan fari a maƙogwaro. Bindin gajere ne a yanke miƙe kamar an sa almakashi, bashi da baki biyu. Fiffiken kuwa siriri ne mai lanƙwasa kamar lauje. Wannan farin facin da yankakken bindin su ne alamarta, da kin gansu kin gane ta.

Ba jemage bace ko kaɗan. Jemage haihuwa yake yana shayarwa, fiffikensa fata ce, irin waɗanda suke rataye a bishiyoyin wajen asibitin sojoji na 37 ma 'ya'yan itace suke ci. Abinda ke sa mutane haɗa su shine lokaci, sanda tsattsewa ke komawa kwana shine sanda jemage ke fitowa, sai a gansu tare a sama. Kuma ba bilbilo bace, duk da mu Hausawa muna yawan haɗa sunan biyun. Hanya mafi sauƙi ita ce wayar lantarki, duk wanda kika gani a jere kan waya yana gyara gashi bilbilo ne, tsattsewa bazaki taɓa ganinta a kan waya ba. Bilbilo da laka yake gini, yana sauka bakin kududdufi ya ɗiba. Su biyun basu ma da dangantaka ta kusa, sana'a ɗaya ce ta kama ƙwari a iska ta sa suka yi kama. 'Yan uwan tsattsewa na jini suna can nahiyar Amurka, ƙananan tsuntsayen nan masu tsayawa cak a iska suna tsotsar ruwan fure.

Maganar ababil kuma, fassarar aya ta malamai ce ba tawa ba, ki tambayi limaminku. Abinda zan iya faɗa shine Turkawa har yau sunan da suke kiran wannan dangin tsuntsu dashi kenan, ebabil, haka ma masu yaren Urdu, ƙila can wanda ya gaya miki ya jiyo.

Abinda yasa nake son wannan tsuntsuwa, kuma shine nake so ki riƙe, kusan duk rayuwarta a iska take. A sama take ci, a sama take sha, ta sauko ƙasa-ƙasa ta shafi fuskar ruwa da baki a buɗe ta wuce bata tsaya ba. Bakin in kin kalle shi a rufe ɗan ƙil ne kamar ƙwayar shinkafa, amma in ta wangale shi sai ki ga ya tsage har ƙarƙashin ido. Idanun sun shige ciki da ɗan gashi mai tauri a gabansu yana kare su. Da wannan bakin take kwasar ƙananan ƙudaje, da tururuwa masu fiffike, da ƙananan ƙwaro, da 'yan gizo-gizon da iska ke ɗauka da zarensu. Ranar da aka yi ruwan farko shinge ya fito, ki ɗaga kai ki gani, ranar bikinsu ce. Kuma in hadari ya haɗo daga gabas zaki gansu suna gabansa, dan iskar da ke tura hadarin tana tattaro ƙwari ta ɗaga su sama.

Mutane na son in ce musu tana maganin sauro. Gaskiya tana cin sauro in ta samu amma kar in yi miki ƙari, sauron da ke kawo maleriya da dare yake aikinsa sanda ita tana barci, dan haka gidan sauro yana nan a matsayinsa. Amma yawan ƙwarin da garke guda ke kwashewa a sararin unguwa kamar tamu mai babban gota a tsakiya ba ƙaramin abu bane.

Sai sheƙar, wadda itace tushen rigimar. Hajiya in kin samu wadda ta faɗo ki ɗauka ki juya ta a hannu. Babu laka a ciki. Ciyawa ce da gashin kaji da na tattabaru, da zare, wani lokacin har ɗan yankin leda, duk an manne su da wani abu mai ƙyalli da ya bushe ya yi tauri kamar gam. Yawunta ne. Lokacin gini wurin da ke fitar da yawu a ƙarƙashin harshenta yana kumbura ya riƙa fitar da mai kauri. Kuma tunda bata sauka ƙasa, kowane tsinke da kika gani a jikin sheƙar nan a iska ta cafke shi, sai ta jira iska ta ɗago gashin kaza daga wajen masu fige kaji a kasuwa ko daga bola ya yi sama sannan ta kama, ta kawo, ta manna, ta koma. Ki lissafa tsinke nawa ne a sheƙa ɗaya. Aikin makonni ne, wani lokacin fiye, shi yasa basa son sabon gini, tsohuwar suke gyarawa shekara da shekaru, mata da miji su koma ɗakinsu ɗaya. Kuma a manne da juna suke yi, bangon wannan shine bangon waccan, kowa da 'yar ƙofarsa, sak gidan haya na zango. Can wajen Indonesiya da Malesiya akwai 'yar uwarta da ke gina sheƙa da yawu zalla, 'yan China na sayenta da tsada suna miya da ita, amma tamu ta cika shara bata ciwuwa.

Ƙwai biyu ta fi yi, wani lokaci ɗaya ko uku, farare. Uwa da uba suna karɓa-karɓa wajen kwanci sati uku da 'yan kwanaki. 'Ya'yan suna fitowa tsirara ido a rufe, kuma suna daɗewa a ciki, kwana 36 zuwa 40, dan su babu zancen koyon tashi daga reshe zuwa reshe kamar sauran tsuntsaye, ranar da ɗa ya leƙo ya saki kansa toh dole ya zama ya iya gaba ɗaya. Iyayen basa kawo ƙwaro ɗaya-ɗaya, tarawa suke a maƙogwaro su dunƙule da yawu ya zama curi mai ɗaruruwan ƙwari, in kin lura da mai shigowa zaki ga wuyanta ya kumbura kamar ta haɗiyi gurjiya. Daga ƙwai zuwa tashi kenan wata biyu cur.

Kin tambaya ko baƙi ne masu wucewa. A'a, taki 'yar gida ce, tana nan rani da damina, kuma ko ba lokacin ƙwai ba a cikin sheƙar take kwana. Kewayawar da suke da ƙara wajen ƙarfe shida saura, su dunƙule su yi sama su watse su sake haɗuwa, taron shiga kwana ne, ana kiran sallah zaki ji tsit. Wadda take baƙuwa itace babbar yayarta ta Turai, Apus apus, ta fi girma, baƙa ce sai ɗan fari a maƙogwaro, babu farin baya, bindinta baki biyu. Ita tana haihuwa a Turai ta zo Afirka ta yi sauran shekara, kuma a 2016 masana a jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin suka fitar da sakamakon wasu 'yan na'urori da suka ɗaura musu, aka ga wasunsu sun yi wata goma a sama basu sauka ko sau ɗaya ba. Wata goma Hajiya. A hanyar komawa suna biyowa ta nan yammacin Afirka, suna yada zango a sararin Laberiya su ci su ƙoshi kafin su tsallake Sahara. Wajen Afrilu in hadari ya taso a kan gansu a samanmu sun gauraya da namu.

Akwai kuma ta uku da zaki gani in kin je bakin teku wajen Labadi ko duk inda kwakwa da giginya suke, siririya mai launin ƙasa da dogon bindi mai tsini. Ita a bayan ganyen take manna 'yar sheƙarta, sannan ta manna ƙwan ma da yawu dan kar iska ta kaɗa ganyen ya zubo, ta kwanta a kai a rataye.

Asali tsattsewarki a jikin duwatsu da bakin kogo take sheƙa. Da mutane suka fara gina benaye da gadoji na kankare sai ta samu duwatsun da basu ƙarewa, ta bazu ta ƙaru, yanzu tana ko'ina a Afirka har Gabas ta Tsakiya da Indiya, ta ma tsallaka ta fara haihuwa a kudancin Sifen. Dan haka bazan ce miki tana gab da ƙarewa ba, bata cikin haɗari a duniya. Amma ni abinda na gani da idona a garin nan, angulu da muke ganinta ba adadi a mahauta muna yara yanzu sai ka yi kwanaki baka ga ɗaya ba, ba wanda ya zaci haka zata faru. Kuma sabon gini na gilashi da tayil mai santsi bashi da inda yawu zai kama. Abinda take nema shine kusurwar da bango ya haɗu da rufi, mai ɗan kaushi, inda ruwa baya bugu, da sarari a ƙasa da zata saki jiki ta faɗa iska, kuma inda hankaka da kyanwa da ɓera basa kai wa. Barandarki ta cika duka.

Toh ga shawarata kan fenti. Sallar layya a 'yan shekarun nan tana faɗowa cikin babbar damina, kuma a nan duk da ana iya samun ƙwai a watanni da yawa, lokacin ruwa ne suka fi haihuwa dan shine lokacin ƙwari. Tunda har ɗaya ta faɗo, akwai alamar sheƙun nan da rai a ciki. Ki sa a lura kwana biyu. In ana shiga da fita da tsakar rana, ko ana jin ƙaramin kuka daga ciki sanda babba ta shiga, ko an ga ɓawon ƙwai fari a ƙasa, toh akwai 'ya'ya. Kakkaɓewa a wannan hali kashe su ne, ba kora ba, dan basu da inda zasu, kuma iyayen zasu yi kwanaki suna zuwa suna dukan bangon da babu komai. Kin fi ni sanin hadisin tsuntsuwar da sahabbai suka ɗauke wa 'ya'ya biyu tana ta shawagi a kansu, Manzon Allah SAW ya ce a mayar mata. Mai fentin ba mugu bane, aikinsa yake son ya yi kyau, amma gidan naki ne. Ya fente gaban gida da bangon ƙasa da duk inda baƙi ke gani, ya bar wannan kusurwar, kar kuma a kafa katakon hawa ya tare musu ƙofa ya kwana a wurin.

Kashin kuwa maganinsa mai sauƙi ne kuma baya cin sidi da yawa. Kafinta ya buga katako ko fallen kwano mai faɗin kamar taku ɗaya a jikin bango ƙarƙashin sheƙun ya riƙa tare abinda ke zubowa. Amma ya sauke shi ƙasa sosai, aƙalla rabin mita ko fiye, dan in ya matse su bazasu samu wurin faɗawa iska ba, kuma zai zama matakalar kyanwa. Wanda zai share ya yayyafa ruwa tukuna kar ƙura ta tashi ya shaƙa, ya wanke hannu da sabulu, abinda aka tara a zuba a gindin shuka taki ne mai kyau. Kar a fesa maganin sauro a sheƙar. Akwai wani ƙwaro mai kama da ƙuda marar tashi da ke shan jininsu, in an gan shi kar a tsorata, baya zama a jikin mutum.

In kuma kin ga lallai bazaki iya zama dasu a saman ƙofar shiga ba, ina fahimta, akwai mai shanya akwai mai sayar da abinci a ƙasa. Ki jira hunturu ya kama wajen Disamba ko Janairu, a sake lura a tabbata ba'a kai abinci, a sa tsani a haska da tocila a duba ɗaya bayan ɗaya, wadda aka ga ƙwai ko ɗa a barta. A cire sauran da hantsi sanda duk suka fita kiwo, a rufe kusurwar da katako a karkace yadda bazasu sake mannawa ba. Sannan a bar musu ɓangaren baya na gidan wanda ba'a wucewa, kar a shafe shi da fenti mai santsi, can zasu koma.

Ki gaida min jikan naki, ki ce masa ya duba fukafukan nan yau kafin dare ya gaya miki ko sun zarce bindi, in an turo min hoto zan faɗa miki ko ta isa a sake ta gobe da safe.